Tabon Kaciya

Mahadi yana ɗaure mazugin wandonsa a bayan labule lokacin da likitan ya tambaye shi ko 'ya'yansa nawa. Ya ce biyu, duka mata. Likitan ya cire safar hannu ya jefa a kwandon shara, ya wanke hannu a ɗan famfon da ke jikin bango, sannan ya nuna masa kujera.

Likitan matashi ne, da ƙyar in ya kai Mahadi a shekaru, wannan ma ya ƙara masa nauyin baki. Tun da sassafe yake zaune a kan benci cikin masu ciwon suga da hawan jini, ya sunkuyar da kai, yana fatan kada wani ɗan unguwarsu ya gan shi. Da aka kira sunansa ya shiga, sai da ya yi ta kewaye-kewaye, ciwon baya, kasala, rashin cin abinci, kafin ya iya faɗin abin da ya kawo shi: gabansa ya daina motsi.

Likitan ya duba takardun gwajin da aka yi masa a makon jiya. Ya ce suga lafiya lau, ƙoda lafiya, jininsa ya ɗan hau amma ba abin tayar da hankali ba ne. Game da tabon kuwa, ya ce gaskiya ne, wanda ya yi masa kaciya ya ci fata fiye da kima a gefe guda, wurin ya warke a karkace.

Mahadi ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya zaro wayarsa ya lalubo wani bidiyo ya miƙa. Wani mutum ne cikin farar riga yake bayani da baƙon harshe, an ɗora muryar Hausa a kai, yana cewa kaciya tana yanke jijiyoyin da namiji ke ji da su, kuma illar ba ta fitowa sai shekaru sun ja. Likitan ya kalla kaɗan, ya mayar masa da wayar.

"Malam Mahadi, masu bincike sun sha duba wannan magana a kan maza masu ɗimbin yawa. Ba su ga cewa kaciya ita kanta tana kashe gaba ba. In an yi mummunar ɓarna wajen yankan, tana iya taɓa mutum. Amma irin wannan galibi tun farkon aure ake gane shi."

"To ni an yi mini ɓarnar ko ba a yi ba?"

Likitan ya ce ba zai iya rantsuwa a kai ba. Akwai gwajin da ake auna yadda jini ke gudana a wurin, amma ba su da na'urar, sai dai Sakkwato ko Zariya. Ya ce ko an yi ma ba lallai ya raba gardama ba. Sai ya tambaye shi yaushe abin ya fara. Mahadi ya ce bara. Likitan ya ce bara da wane lokaci. Ya ce bayan kaka. Likitan ya ajiye alƙalami ya tambaye shi ko wani abu ya same shi a wannan tsakanin.

Mahadi ya tsura wa kalandar kamfanin magani da ke bango ido.

Abin da ya same shi, duk Tudun Wada ta san rabinsa. Sana'arsa gyaran janareta da injin niƙa, yana da ɗan shago a bakin titi a nan Gusau. Bara wajen ƙarshen damina aka kira shi gyaran wani inji a Tsafe, garin su matarsa Suwaiba. Sun wuce Kwatarkwashi ba da nisa ba 'yan bindiga suka ɓullo daga cikin dawa suka tare hanya, suka kora su daji. Ya yi kusan wata biyu kafin 'yan'uwa su fanso shi. Ya dawo a rame, ƙafafu a kumbure, aka yi ta zuwa barka, aka yi sadaka, bayan wani lokaci ya buɗe shagonsa.

Ɗaya rabin bai taɓa faɗa wa kowa ba. A dajin bibbiyu ake ɗaure su da sarƙar babur a idon sawu. Shi an haɗa shi da wani malamin firamare, Malam Abdullahi, mutum mai yawan hira, mai ciwon suga, ga shi babu magani. Tare suke kwanciya, tare suke salla da taimama, in ɗaya zai zagaya dole ɗayan ya bi shi ya kau da kai. Wata asuba Mahadi ya farka ya ji ƙafar Malam Abdullahi ta yi sanyi a jikin tasa. Wanda ke riƙe da makulli ya tafi wani sansanin, bai dawo ba sai washegari.

Tun da ya dawo gida, in Suwaiba ta yi barci ƙafarta ta taɓa tasa, sai dai ya tsinci kansa a tsaye a tsakiyar ɗaki. Amma shi a wurinsa wannan daban, wancan daban. Daji ya wuce, Allah ya kuɓutar da shi, mutane nawa aka kai aka dawo da su suna zaune da iyalinsu lafiya. Da ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya sha maganin basir, ya sha na sanyi, ya sha gagai da zuma, ya karɓi rubutu. Daga ƙarshe ya gaya wa Khalid mai cajin waya da ke maƙwabtaka da shagonsa, ya ce wai wani abokinsa ne yake da matsalar. Khalid bai tambayi sunan abokin ba. Da yamma sai ga bidiyon nan ya turo masa. Mahadi ya kalla har ya haddace. Ya tuna tabonsa, ya tuna jinin da ya zubar yana yaro, ya ji a karon farko ya sami abin da zai iya nunawa da yatsa.

Likitan ya tambaye shi ko yana barci. Ya ce yana yi. Likitan ya ce akwai wani abokin aikinsu da ke zuwa lokaci-lokaci yana ganin mutanen da wata damuwa ta tsaya musu a rai, zai so su gana.

"Likita, ni ba taɓin hankali gare ni ba," in ji Mahadi.

Likitan bai ja maganar ba. A waje layi ya yi tsawo, wata ma'aikaciya ta leƙo ta koma. Ya rubuta masa wasu ƙwayoyi, ya ce ya gwada, in bai ga canji ba ya dawo.

Mahadi ya fito harabar asibitin rana ta fara zafi. Ya tsaya a gindin wata bishiyar dalbejiya yana tunanin la'asar, don bayan la'asar surukinsa yake jiransa a Tsafe.

Suwaiba ba ta taɓa yi masa gori ba, ko da wasa. Wata da watanni tana dafa masa duk abin da aka ce ana dafawa, tana jiƙa masa duk abin da ya kawo a ƙulle. Ranar da ta ce ko zai je asibiti, ranar ya yi mata tsawar da bai taɓa yi ba, ya tambaye ta wa da wa ta gaya wa. Ta rantse ba ta gaya wa kowa ba. Ya naɗe tabarmarsa ya koma kwana a zaure. Bayan 'yan makonni ta ce za ta je Tsafe duba mahaifiyarta, ta ɗauki yaran. Ta ce kwana biyu za ta yi, ga shi har an shiga wani watan. Jiya mahaifinta, Malam Abdulaziz, ya kira shi. Bai yi faɗa ba, ya tambayi aiki, ya tambayi jiki, sannan ya ce yana so ya zo gobe bayan la'asar su zauna.

Mahadi ba ya so ya je gaban dattijon nan baki wayam. Yana so ya je da amsa, ya ce ga abin da ya same shi, ga wanda ya jawo, ba laifinsa ba ne, ba kuma wulaƙanci yake wa 'yarsu ba. Likita bai ba shi wannan amsar ba. Saura mutum ɗaya. Ya tari ɗan acaɓa ya ce a kai shi inda ake shiga motar Bungudu.

A Bungudu aka haife shi, can mahaifiyarsa Inna Rabi take har yanzu. Da ya sauka bai bi ta layinsu ba, ya zaga ta bayan kasuwa, don in ta gan shi za ta tambayi Suwaiba, kuma wannan ba maganar da ɗa yake yi da uwarsa ba ce. Yana tafe yana tuna shekarar da aka yi masa kaciya. Lokacin sanyi ne, aka tara su su da yawa, 'ya'yan unguwa, a bayan gidan kakansa. Aka tona ramuka a jere, kowa ya zauna a bakin nasa an riƙe masa ƙafafu. Da aka yi yankan, jinin sauran ya tsaya, nasa ya yi ta zuba har ganinsa ya dushe. Sauran yara sun warke sun fita da bante suna cin kaji, shi yana kwance da kara a tsakanin gwiwoyi, ɗakin yana warin bagaruwa. Daga baya ya warke, ya girma, ya yi aure, ya manta.

Baba Shu'aibu wanzami, wanda ya yi masa kaciyar, yana nan a zaurensa, a kan wata tsohuwar fatar rago. Ya tsufa ƙwarai, yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Ya daina riƙe aska, zabirarsa tana rataye a ƙusa, ɗansa ne yake sana'ar yanzu. Mahadi ya tarar ɗan yana yi wa wani manomi ƙaho a baya, don haka ya yi sallama ya zauna a gefen tabarma ya jira.

"Wane na?" in ji tsohon.

Ya ce Mahadi ne, ɗan marigayi Malam Sadiƙ, na wajen Rabi. Tsohon ya faɗaɗa murmushi, ya ce ai shi ne aka ɗauka bara, sun yi ta addu'a a masallaci. Ya fara tambayarsa yadda aka yi. Mahadi ya ce ya wuce, sai godiya, ya juya maganar zuwa damina. Suka yi zancen gero da tsadar taki da mutanen ƙauyukan da suka gudo suka cika makarantar firamare, har aka gama ƙahon, manomin ya sa riga ya fita. Tsohon ya ce wa ɗansa ya je ya duba ko an gama abinci. Ya san ba gaisuwa ce ta kawo baƙon nan da tsakar rana ba.

Mahadi ya faɗa, a guntu-guntu, idonsa a kan tabarma. Tsohon ya saurara bai katse shi ba, yana murza carbi.

Ya ce ya tuna. Ya ce ba kowace kaciya yake tunawa ba, amma wannan ba ta ɓace masa ba, don jinin ya ƙi tsayawa har ya fara karanto duk abin da ya sani. Malam Sadiƙ ya tsaya a kansa bai ce masa uffan ba, da ma zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Ya ce ranar daga Rawayya ya taso, ya yi wa yaran can tun da hantsi, hannunsa ya gaji. Ya ce kuma Mahadi ya zabura daidai lokacin yankan, amma ai yara duka suna zabura.

"Baba, shi ne ya jawo mini wannan?"

A waje wani yana tallan ruwan sanyi.

"Ɗana, tun ina saurayi nike wanga aiki. Ba wanda ya taɓa komowa ya tambaye ni abin da ka tambaya. Wanga abu ba a komowa a faɗa ma wanzami. Wataƙila suna da yawa sun yi kurum, wataƙila babu ko guda. Ni yaro nike gani, in ya warke in tafi. Abin da ka biyo baya ban sani ba."

Mahadi ya ce to amma ai ya ce hannunsa ya gaji.

"Awo, ya gaji."

Ya ce kuma likita da bakinsa ya ce an ci fata.

"In likita ya ce, haka na." Tsohon ya ajiye carbin. "In kana son in ce ni na, to ni na. Ban da wata shaida da zan kare kaina. Ka yafe mini tun ina da rai."

Ya miƙo hannu yana lalube, yana neman hannun Mahadi. Da yake ba ya gani, sai tafinsa ya sauka a kan idon sawunsa. Hannun tsoho ne, busasshe, mai sanyi. Kafin Mahadi ya san abin da yake yi ya fizge ƙafar ya miƙe tsaye, ya ture butar da ke gefe, ruwa ya malale a kan tabarma. Ya tsaya yana haki, bayansa a jikin bango.

Tsohon bai janye hannunsa ba, ya bar shi a inda yake a iska. Yatsunsa sun riga sun ji kaurin fatar da ta zagaye idon sawun.

"Wanga tabo kam ba nawa ba na," in ji shi a hankali.

Mahadi ya durƙusa ya tayar da butar. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, shi ma a yafe masa da ya zo ya tayar wa dattijo hankali. Tsohon ya sa aka sauko da zabira, ya laluba ya ciro wani ƙullin gari ya ba shi, ya ce a sha da nono. Bai ce zai yi aiki ba. Mahadi ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihu, inda takardar likita take.

Ya yi azahar a wani masallaci da ba a san shi ba, ya koma bakin titi. A motar komawa Gusau ya yi ta jujjuya abin a ransa. Ga shi ya sami abin da ya zo nema, wanzami ya amsa da bakinsa. Ya gwada jera maganar yadda zai faɗa wa Malam Abdulaziz: Baba, tun ina yaro aka yi mini illa, na je wurin wanda ya yi, ya amsa. Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Kowane karo maganar tana fitowa ba nauyi, kamar labarin wani yake bayarwa.

A tashar Gusau wani mai maganin gargajiya ya kafa lasifika a kan mota yana lissafa cututtukan maza ɗaya bayan ɗaya, da sunayen da ba a faɗa a gaban manya. Mutane suna wucewa kamar ba su ji, wasu kuma suna zagayawa ta bayan motar su saya. Mahadi ya wuce ya tarar da motar Tsafe saura mutum biyu. Rabonsa da hanyar nan tun ranar da aka ɗauke shi. Ko da aka sako su, ta wani gefen aka fito da su. Duk aikin da ya taso ta can sai ya ce yana da uzuri, ya tura wani. Ya tsaya a bakin ƙofar motar har ɗan kamasho ya tambaye shi ko zai shiga ne ko kallo ya zo. Ya shiga.

Su huɗu aka cusa a baya. Shi yana jikin ƙofa, kusa da shi wani ƙaton mutum mai buhun takalma a cinya. Direba ya ce kowa ya yi addu'a, aka shafa, aka tashi. Da farko ba komai. Suka fita gari, suka wuce shingen sojoji, gidaje suka ƙare, gonaki suka fara. Dawa ta yi tsayi har bakin kwalta, ta fi mutum, ganyenta yana kaɗawa. Hira ta mutu a motar kamar yadda take mutuwa a hanyar nan, kowa idonsa a gaba. Direba ya ƙara wuta.

Mai takalman bai damu ba. Ya jingina kai, ba a jima ba barci ya ɗauke shi. Jikinsa ya saki, ƙafarsa ta kwanto a kan ta Mahadi da dukkan nauyinta.

Mahadi ya matsa, babu wurin matsawa. Ya sa gwiwar hannu ya ɗan zungure shi, mutumin ya yi gurnani bai farka ba. Gumi ya keto masa. Ya fara karanta abin da ya zo bakinsa, ya rasa inda ya tsaya, ya koma farko. Duwatsun Kwatarkwashi suka bayyana a gaba, baƙaƙe, ciyawar damina ta fito a tsagoginsu. Ya san bayan garin akwai gangara, bayan gangarar akwai kwana, ya san abin da ke bayan kwanar.

Ya ce direba ya tsaya zai sauka. Direba ya ce ai ba a zo Tsafe ba. Ya sake faɗa, wannan karon da wata murya da ta sa na gaba suka waiwayo. Wata tsohuwa ta ce a tsaya masa mana, ba a ganin bawan Allah ba shi da lafiya. Direba ya gangara gefen titi a cikin garin, daidai wurin masu gasa masara. Mahadi ya buɗe ƙofa ya fita kafin motar ta gama tsayawa. Direba ya jira shi kaɗan, ya yi ham, da ya ga bai juyo ba ya ja motarsa.

Ya zauna a kan wani dakali. Mai masara ya miƙo masa ruwa a kofi bai tambaye shi komai ba. Ya sha, ya zuba sauran a ka. Yana nan zaune aka kira la'asar. Ya yi salla a masallacin bakin hanya, ya dawo dakalin, ya ciro waya ya kira Suwaiba.

Ta ɗauka tun bugun farko. Ta ce Baba ya shimfiɗa tabarma a zaure tun ɗazu, ta tambaye shi ko ya shigo gari. Ya ce yana Kwatarkwashi. Ta tambaya ko mota ce ta lalace. Ya buɗe baki zai ce e.

"Na kasa wucewa," in ji shi.

Yana jin muryar ƙaramar 'yarsu a can nesa tana rigima da wani. Kafin ta yi magana sai ya shiga ba ta labari da sauri, ya je asibiti, likita ya ga tabon, ya je Bungudu, Baba Shu'aibu ya amsa cewa shi ne, har ya nemi gafara. Ya ce ta gaya wa Baba haka, a san ba da gangan yake yi ba.

"Baban Halima," ta ce, ta rage murya, "tun ranar da aka kai ni ɗakinka tabon nan yana nan. Da shi muka haifi yaran nan."

Ya mayar da wayar ɗaya kunnen.

Ta ce ita ba ta gaya wa Baba wannan maganar ba, ba kuma za ta gaya masa ba, don ba ita ta kawo ta gida ba. Ta ce da wannan ne kaɗai, da ta zauna har ƙarshen ranta. Abin da ta gaya wa Baba shi ne mijinta ba ya barci, ba ya magana, in ta taɓa shi sai ya zabura kamar ta ɗora masa garwashi, kuma ta rasa ta inda za ta shiga. Baba ba don ya raba su ya kira shi ba. So yake ya tambaye shi abin da aka yi masa a daji, tunda ita ya ƙi gaya mata.

Mahadi ya dubi hanyar da ta miƙe ta yi gangara. Maganar ta taso masa har bakin harshe, sunan mutumin, sarƙar, wunin nan da kwanan nan. Ya ji in ya fara ba zai iya tsayawa ba, ga mai masara a gefe, ga mutane suna wucewa. Ya haɗiye.

Ta ce to shi ke nan, tunda ya kasa zuwa, ita za ta zo. Gobe da safe za ta shirya yaran su shigo motar farko.

"Kada ki zo," ya ce da sauri. "Kada ki hau hanyar nan da yaran. Dawa ta yi tsayi. Ki bari sai an yi girbi."

"Girbi da saura, Baban Halima."

"Na sani."

"Kai ba ka iya zuwa, ni ka ce kada in zo. To ya kake so a yi?"

Ya riƙe wayar a kunne, ita ma ba ta kashe ba, yana jin numfashinta. Rana ta fara sauka a bayan duwatsu, motoci sun fara ƙaranci, don ba mai son magariba ta same shi a tsakanin nan da Tsafe. Wata ƙaramar mota ta taho daga wajen Gusau, ta rage gudu da ta hango mutum a bakin titi. Direban ya fito da hannu ta taga ya ɗaga yatsa ɗaya, saura wurin mutum guda. Mahadi ya miƙe tsaye. Ya taka zuwa bakin kwalta, ya tsaya a nan. Direban ya jira, ya yi ham, fasinjoji suna kallonsa ta gilashi. Sannan motar ta ja ta gangara.

"Kana nan?" in ji Suwaiba.

"Ina nan," ya ce.